Ƙamus ɗin da Ya Fito Babu Sunan Babanku

Da sunan Allah nake fara wannan babi, ina kuma roƙonsa ya riƙe mini harshe, don na san halina idan na tuna wannan shekarar.

Abba, da kai nake, da Hadiza, da sauran ƙannenku. Ranar Babbar Sallar da ta wuce, muna zaune a tsakar gida ana suyar nama, na ji ka da kunnena kana gaya wa mijin Hadiza cewa za ka nemi lauya, wai masu buga littafi na Zariya sun cuci Babanku, sun buga ƙamus ɗinsa sun ƙi sa sunansa a bango. Hadiza kuma ta karɓe, ta ce ita a waya za ta rubuta kowa ya sani. Na yi shiru ne don akwai suruki a wurin. Tun da Allah ya yi wa Babanku rasuwa nake jin wannan magana tana yawo a bakinku, kullum tana ƙara ƙiba. To, ya isa haka. Babu wanda ya cuci Babanku a Zariya, kuma zan faɗa muku yadda aka yi daga farko.

Sai kun fara sanin abin da sunan nan yake nufi a wurinsa. Babanku ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Faransanci a makarantar sakandare a nan Gusau, darasin da kowa ya raina. Idan za a yi taron malamai, lokacinsa ake ɗauka. Idan za a share fili, 'yan ajinsa ake kwasa. Kakanku na Furfuri, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya yana tambaya wai me ake yi da yaren da ko a kasuwar Maraɗi sai ka nemi mai yinsa, tunda can ma Hausa ake ciniki. Babanku bai taɓa neman kujera ba, bai taɓa neman mota ba. Abu ɗaya ya taɓa gaya mini yana so a duniya, shi ne ya ga littafi da sunansa a bango, ya kai Furfuri ya ajiye a gaban 'yan'uwansa. Shi ya sa ranar da wani mai buga littattafai daga Zariya, Malam Garba, ya zo har zaurenmu ya ce yana son ƙaramin ƙamus na 'yan makaranta, kalmar Turanci, takwararta ta Faransanci, da ɗan bayani da Hausa, Babanku ya shigo cikin gida yana tafiya kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Sharaɗi ɗaya Malam Garba ya kafa: aikin ya isa hannunsa kafin a koma makaranta bayan hutun damina, in ba haka ba zai ba wani.

Ni kuma, kun sani, aikin buga takardu na yi a ofis har na yi ritaya. Don haka muka raba aiki. Shi yana rubutawa da hannu, ni ina bugawa a tsohuwar kwamfutar nan ta ɗakina duk yammar da aka kawo wuta.

Matsalar Babanku ba lalaci ba ce, da ma ita ce da na huta. Matsalarsa ita ce wata ƙa'ida da ya ɗora wa kansa, babu wanda ya aike shi. Ya ce ba zai rubuta ma'anar kowace kalma ba sai ya ji ta daga bakin mutum mai rai. Yana da babban ƙamus mai nauyin turmi, wanda ya sayo tun yana ɗalibi, amma ya ce wannan Faransancin mutanen Turai ne, yaranmu kuwa da mutanen Maraɗi da Ƙonni za su haɗu. Sai ya riƙa yanka kwalin sukari ƙanana ƙanana. Kowace ma'ana da katinta, a bayan katin kuma ya rubuta wanda ya faɗa masa da inda suka haɗu. Direbobin da ke zuwa daga Nijar duk sun san shi a tasha, har suna ɓuya idan sun hango hularsa. Duk da haka aiki ya tafi, a hankali dai, amma ya tafi. Muka wuce A, muka wuce M, muka gama S kafin ruwan farko ya sauka. Daga U zuwa Z ma ya riga ya yi musu rubutun farko, gyara kawai ya rage. Na fara tunanin irin ɗinkin da zan yi ranar da littafi zai fito.

Sai muka iso kan "take".

Kalmar Turanci ce mai harufa huɗu, wadda ɗan aji ɗaya ma ya san ta. Na ɗauka yini ɗaya za ta ci. Ashe Bature da ita yake shan shayi, da ita yake hawa mota, da ita yake ɗaukar hoto, da ita yake kai yaro makaranta, da ita yake tuɓe takalmi, da ita yake cewa tafiya za ta ci awa biyu. Mu da Hausa kowanne da kalmarsa, Bafaranshe ma haka. Babanku ya zaunar da ni ya yi mini karatu, ban tambaye shi ba. Shan shayi da hawa mota da ɗaukar hoto, "prendre". Idan mutum ka tafi da shi, yana tafiya da ƙafarsa, "emmener". Idan kaya ne ka ɗauka ka tafi da su, "emporter". Tuɓe takalmi, "enlever". Na ce to madalla, ga huɗu nan, kawo in buga. Ya dube ni kamar na ce a yi sallah babu alwala.

"Rabi, to rago fa?"

Na ce wane rago? Ya ce idan mutum ya sayi rago ya ja shi da igiya, ai ragon da ƙafarsa yake tafiya, kamar mutum. Amma idan aka ɗaure shi aka ɗora a saman mota tare da buhunan gero, ya zama kaya ko bai zama ba? Idan an yanka shi kuma fa? Na ce masa 'yan aji ɗaya ba fataucin raguna za su yi da Faransanci ba, jarrabawa za su ci. Ko a jikinsa. Ya ce yaron da ya tashi a Zamfara, rago ne abin da zai fara tambaya.

Ragon nan shi ya kai mu Tsafe. Ranar kasuwa ya ce zai je wurin dillalan dabbobi, don akwai wani Alhaji Idi mutumin Maraɗi da ya yi boko a can kafin ya shiga fatauci. Na ce sai na bi shi, na fake da cewa zan sayo daddawa, alhali so nake in tabbatar ya dawo da amsa ɗaya a rufe maganar. Muka tarar da Alhaji Idi a tsakiyar ciniki, rana ta take, ga ƙuda, ga warin dabbobi. Babanku ya tsaya a gefe da katinsa da biro har mai saye ya gaji ya tafi. Alhaji Idi ya saurare shi da haƙuri, ya ce shi dai a makaranta "emmener" aka koya musu ga duk mai numfashi. Wani abokin fataucinsa da ke zaune kan buhu ya ce a'a, ragon da ke saman mota ai ba shi ya kai kansa ba. Suka kaure da gardama, da Hausa kuwa, mutane suka fara taruwa suna zaton rigimar kuɗi ce. Can Alhaji Idi ya share gumi, ya ce gaskiyar magana su a Maraɗi duk wannan ba ya damunsu, "amener" suke cewa ga komai, mutum, rago, buhu, har da amarya. Na ji sanyi a raina, na ce to an gama. Na juya na ga Babanku yana murmushi, yana ciro sababbin katuna uku daga aljihu. Mun je da tambaya ɗaya, mun dawo da kalma ta biyar da sabuwar gardama, daddawar ma na manta ban saya ba.

Haka aka ci wata huɗu, 'ya'yana. Wata huɗu cur a kan kalma ɗaya! Gero ya fito, ya yi kara, ya fitar da kai, muna kan "take". Katunan suka cika gwangwanin madara, ya koma zuba su a kwanon sha na da nake ji da shi. Idan na ce kai Hadiza asibiti, sai ya tsaya yana tunanin da wace kalma za a faɗa. Idan na ce ɗauke ƙafarka in yi shara, sai ya laluba aljihu. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kwana biyu ban kula shi ba, bai ma lura ba. Malam Garba ya kira sau biyu, Babanku yana ba shi haƙuri da muryar nan tasa mai sanyi da ke sa mutum ya ji kamar shi ne mai laifi.

Ana cikin haka ƙanwata Asabe ta haihu a gidanmu na Bungudu, muka tafi suna. Ina cikin gida wajen mata, sai ga saƙo daga zaure wai Malam yana tambaya ko akwai matar da ta taɓa zama a Nijar. Aka samu wata dattijuwa daga dangin mijin Asabe. Abin da yake so ya sani shi ne, jaririn da aka goya a baya, wanda ba ya tafiya da ƙafarsa, shi da wace kalma ake tafiya da shi, ta mutum ko ta kaya? A gidan suna! Mata suka kwashe da dariya har mai jego tana riƙe ciki. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mahaifiyata, Inna, ta ja ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Na zauna na zazzage mata komai, ina magana ina huci. Ta bar ni na gama, sannan ta ba ni labarin mahaifina, wanda shi ma haka yake da girbi, kullum sai ya ce a ƙara wa dawa kwana uku. Ta ce wata shekara ta jira ya tafi kasuwar Mada, ta kira 'yan ƙwadago suka girbe gonar tas, ya dawo ya yi faɗan kwana biyu, ya ci tuwon shekara guda.

"Wanga miji naki ba shi gamawa," in ji Inna. "In kina son ki ga sunanshi bisa littafi, ki hiddo shi da hannunki."

Ba na ɗora wa Inna laifi, Allah ya jiƙanta. Ita dawa ta sani. Ni ce na zauna da mutumin shekara da shekaru, ni ya kamata in san cewa katunansa ba dawa ba ne.

Mun dawo Gusau da kwana biyu Malam Garba ya kira, Babanku ya tafi masallaci ya bar wayar a gida, na ɗauka. Mutumin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce Hajiya, na yi iya haƙurina, ranar Litinin injin zai fara aiki, in babu na Malam akwai wani malami da ya gama nasa yana jira. Da Babanku ya dawo na faɗa masa. Ya ce wata ɗaya kawai yake buƙata, akwai wani tsohon malamin makaranta ɗan Nijar da aka ce yana zuwa Tsafe, shi zai raba gardamar. Ya ce in roƙa masa Malam Garba, tunda na fi shi iya magana. Ranar Asabar da sassafe ya saɓa jakarsa ya tafi tasha.

Yana fita na zazzage kwanon sha a kan tabarma. Na ƙirga katunan don haushi, sittin da uku. Na zaɓi huɗun nan na farko da ya koya mini, na ƙara "amener" na Alhaji Idi, na rubuta wa kowace misali ɗaya. Da na zo kan rago ban tsaya ba, na rubuta cewa "emmener" ta mutum ce da dabba, "emporter" ta kaya, shi ke nan. Layi biyar. Na bi U zuwa Z na buga su yadda ya bar su. Allah ya taimake ni wuta ta zauna yinin nan. Kafin la'asar na je shagon da ake tura saƙo ta kwamfuta a bakin titi, na tura wa Malam Garba littafin gaba ɗaya, da sunan Babanku a shafin farko da manyan baƙaƙe. Na dawo na mayar da katunan cikin kwano, na ɗora tukunya. Da ya dawo da yamma, a gajiye, bai ma samu tsohon ba, ya tambaye ni yadda muka yi da mutumin Zariya. Na dubi idonsa na ce ya ba mu wata ɗaya.

Wannan ita kaɗai ce ƙaryar da na taɓa yi wa Babanku, kuma ta fito daga bakina sumul, ko gargada babu. Ya yi ta sa mini albarka. Mako uku ina kallonsa yana yanka kwali yana cika katuna a kan aikin da ya riga ya bar gidan.

Ranar wata Alhamis da hantsi wani direba ya yi sallama ya miƙo ƙunshi daga Zariya. Kwafi ɗaya ne na gwaji, wanda ake aiko wa marubuci ya duba kafin a buga sauran. Babanku ya buɗe a tsakar gida, ina tsaye ina tsane shinkafa. Bango kore, ga sunansa a tsakiya da farin rubutu, har da Furfuri a ƙarshe. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya shafa sunan, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma a wannan ɗan lokacin na ce a raina Inna ta yi gaskiya. Sai na ga murmushin ya tsaya. Ya fara buɗa shafuka da sauri, ya wuce tsakiya, ya tsaya. Layi biyar ba su da tsawon karatu, amma ya kai minti biyar a kansu.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce."

Ban jira ya ƙara magana ba, na ajiye kwandon shinkafa na buɗe masa wuta. Na ce wata huɗu kana bin raguna, ka mayar da ni abin dariya a gidan ubana, ka kusa barin wani ya ɗauke abin da ka yi shekaru kana mafarki. Na ce da ban tura ba da yanzu sunan wani ne a nan. Na ce ka nuna mini kuskure ɗaya a layukan nan in ka isa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Ya bar ni har numfashina ya ƙare. Ya ce shi bai ga kuskure ba, mai yiwuwa ma daidai ne, kuma ya san don shi na yi.

"Amma Rabi, idan yaro ya ɗaga hannu a aji ya ce, Malam, wa ya gaya maka na ragon nan, me zan ce masa?"

Na ce ka ce matarka ce! Bai yi dariya ba. Ya ɗauki waya a gabana ya kira Malam Garba. Na zaci zai ce a tsayar da aikin, har na fara shirya wani faɗan. Sai na ji ya ce a buga, yara suna buƙatarsa, kuma littafin ya yi kyau, amma a cire sunansa daga bango da shafin farko. Ina jin muryar Malam Garba daga inda nake, yana salati, yana roƙo, yana tambayar abin da ya faru. Babanku ya ce babu komai, akwai wurin da bai gama tabbatarwa ba ne, kuma ba ya sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba. Bai ambace ni ba ko da kalma ɗaya. Malam Garba ya ce to sunan wa za a sa? Babanku ya rufe bakin wayar da tafin hannu ya tambaye ni ko ina so a sa nawa, kuma wallahi ba gatse yake yi ba, da gaske yake. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Na yi kwanaki ina roƙonsa. Na ce layi biyar ne a cikin littafi guda, sauran duk guminsa ne. Na ce a cire maganar ragon kawai. Ya ce an riga an gama tsara shafuka, ba zai sa mutumin kirki asara ba bayan duk haƙurin da ya yi. Na turo masa amininsa, na turo masa limamin unguwa, ba tare da na faɗa musu dalili ba. Kowa ya zo ya sha shayi ya tafi. Mutumin da ko kaza ba ya iya kora daga tsakar gida, a kan wannan ya zama dutse.

Haka littafin ya fito, kore, da take a sama da fili a tsakiya. Babanku ya koyar da shi shekara shida kafin ya yi ritaya, yana riƙe shi a aji kamar littafin wani. Bai kai shi Furfuri ba. Da kuka girma kuka fara tambaya, sai ya ce muku haka Allah ya so, ku kuma kuka ɗauki abin kuka ɗora wa mutanen Zariya, shi bai gyara muku ba don gyaran zai biyo ta kaina. Ni ma na yi shiru, don ina jin kunya, don kuma har yau ina jin haushinsa. E, ina jin haushinsa, yana kabari ina jin haushinsa, Allah ya gafarta mini ya kai haske makwancinsa. Wane irin mutum ne zai jefar da abin da ya fi so a duniya saboda rago a saman mota? Da za a mayar da ni wannan Asabar ɗin, ina jin zan sake turawa. Abin da ba zan sake ba shi ne in dubi idonsa in ce an ba mu wata ɗaya.

Kwafin gwajin nan, shi kaɗai ne a duniya mai sunansa. Da yammar ranar da ya yi wayar ya shigo ɗakina ya ajiye shi a bakin gado, ya ce in riƙe, nawa ne. Yana nan a ƙasan akwatina. Duk wanda yake so a cikinku ya zo in nuna masa, ya taɓa, ya karanta sunan ubansa. Amma Hadiza, ba za ki ɗauki hotonsa ki sa a waya ba, kai kuma Abba ka bar lauya ya huta. In ƙara kuke son kaiwa, ga ni nan a ɗakina, ba sai kun je Zariya ba. Da bakinsa ya ce a cire sunan, yana cikin hankalinsa, alhali yana son ganin sunan nan kamar ransa. Na riga na yanke masa hukunci sau ɗaya a bayan idonsa, ba zan bari ku yi masa na biyu ba.